Hannu Ɗaya Nawa, Ɗaya Nata

Ranar da Auta ta iso da jinjirarta, uwarta, wato ƙanwata, ta tsaya a bakin ƙofa ta maƙale hannuwanta a baya, kamar 'yar makarantar da ta ɓoye wani abu. Auta kuwa tun mota ba ta gama tsayawa ba ta fara kwance yarinyar daga kujerarta. Ta hau matakalar nan uku da sauri, tana dariya idanunta na ƙwalla, ta miƙo ta.

"Mama, ga ta. Ga jikarki."

"Tubarkalla," in ji ƙanwata. Ta leƙa fuskar yarinyar daga inda take tsaye. "Ba wa Innarki. Ni ban wanke hannu ba."

Ni na karɓa. Watanta uku, ga nauyi, ga kumatu, ga gashi a tsaye kamar an ba ta tsoro. Auta ta yi dariya, domin duk wanda ya san uwarta ya san wannan magana. Shekara talatin da huɗu ta yi tana aikin jinya a ɗakin tiyata, kuma har yau babu mai kiranta da wani suna sai Sista, har mai kawo mana burodi. Mace ce da sai ta wanke sabulu kafin ta yi wanka da shi.

Sai dai ta je ta wanke hannun, ta dawo, ba ta karɓa ba. Ta ce shayi yana kan wuta. Bayan shayi ta ce yarinya ta sha hanya, a bar ta ta huta. Da yarinyar ta farka ta ce bayanta ya riƙe. Ita kanta Auta ba ta rungume ta ba, sai sannu da zuwa da ta jera mata har sau biyar daga can gefen kujera.

Abin ya tsaya mini a rai. Mu biyu muke zaune a gidan nan tun da mazajenmu suka rasu, na san abin da ta yi wata uku tana yi. Auta ta shekara shida da aure kafin ta samu haihuwa, kuma tana zaune nesa, tafiyar jirgi biyu. Makon da ta haihu, a makon zuciyar ƙanwata ta kwantar da ita a asibiti kwana goma sha ɗaya, shi ya sa ba ta je ba. Tun da aka sallame ta ba ta da zance sai na yarinyar. Hoto ɗaya za a turo a waya, ta yini tana buɗe shi da yatsu biyu tana duban kunne da hanci. Ga shi yanzu an kawo mata ita har gida, hutun mako biyu kacal, ta tsaya tana kallonta kamar kayan kanti.

Washegari da safe na same ta a bayan gida wajen famfo, ta ɗora babbar tukunya tana dafa zanen gado. Kusan wata biyu ke nan kullum sai ta yi haka, ni kuma na ɗauka halin ne ya tsufa tare da ita. Sanye take da riga mai dogon hannu, ga rana ta fara zafi. Na tsaya ina kallonta. Ta juya zanen da sanda, ta goga damtsenta a jikin bango, ta sake juyawa, ta sake gogawa.

"Naɗe hannun rigar nan," na ce.

"Yaya, aiki nake yi."

"Naɗe. Ni na goya ki, babu abin da ke jikinki da ban taɓa gani ba."

Ta dubi tagar ɗakin Auta, sannan ta naɗe. Fatar ta bushe ta yi fari kamar an barbaɗa mata gari, ta tsattsage ƙanana-ƙanana, ga sawun farce ja a jere tun daga wuyan hannu har gwiwa. Ta ɗan ɗaga zani. Ƙwaurinta ya fi muni.

"Ƙazwa ce," ta ce, da muryar da ko tukunyar ba ta ji ba. "A asibiti na kwaso ta. Na san katifun can, ni na san su. Mako biyar da sallamata ta fito, daidai lokacinta, ko kwana ɗaya ba ta ƙara ba."

"Wa ya duba ki?"

"Wa zai duba ni? Kin san wace ce likitar fata a asibitin nan yanzu? Yarinyar da na taɓa kora daga ɗakin tiyata a gaban mutane saboda ta tara farce. Ita zan je in tuɓe wa in ce Sista ta yi ƙazwa?"

Na tambaye ta me take yi wa abin. Ta lissafa mini da alfaharin mai aikinta. Wanka sau uku a rana da ruwa mai zafin da fata za ta iya ɗauka. Soso mai kaushi. Sabulun asibiti. Murfi biyu na maganin nan da ke mayar da ruwa fari kamar madara. Sau biyu kuma ta shafe jikinta daga wuya zuwa tafin ƙafa da maganin ƙazwa, ta kwana da shi yana cin ta kamar barkono.

"Ruwan zafin ne kaɗai ke kashe ƙaiƙayin," in ji ta.

"Na tsawon yaushe?"

"Rabin awa."

"Sannan?"

"Sannan ya dawo da danginsa."

Na kama hannunta. Ta fizge, na sake kamawa. Na buɗe yatsun ɗaya bayan ɗaya, na duba tsakaninsu, na juya wuyan hannun. Babu ƙurji ko ɗaya, babu 'yar hanyar nan da ƙwaron yake haƙawa. Shekara talatin na koyar da ilimin halittu, na zana ƙwaron ƙazwa a allo ya fi sau ɗari, da ƙafafunsa takwas.

"Ina ƙwaron nan yake son zama? Ke kika fi ni sani."

"A jikin tsofaffi yakan ɓuya."

"Ni da ke kujera ɗaya muke zama. Ni nake shafa miki man zafi a baya. Ina nawa ƙaiƙayin?"

"Lokacinsa bai yi ba a jikinki."

Kowace tambaya tana da amsarta a ajiye, kamar almakashi a faranti. Sai ta ajiye sandar ta dube ni.

"Yaya, kin taɓa ganin ƙazwa a jikin jinjiri? Ni na gani. Tafin hannu, tafin ƙafa, har kai, ya zama gyambo, yaro ba barci ba nono. Shekara shida yarinyar nan tana jira. Ni zan ba ta wannan ta koma da shi?"

"To ki gaya mata."

"Ta gaya wa mijinta, shi kuma ya gaya wa uwarsa? Matar da ta zo gidan nan na koya mata yadda ake wanke cokali? Ki yi mini alkawari, Yaya. Ko da wasa."

Na yi mata alkawarin. Ban daɗe ina tunani ba ma, domin hankalina ya riga ya tafi wani wuri. Mako biyar da sallama, in ji ta. To ai ba katifa kaɗai ta haɗu da ita a asibitin ba. Ranar da aka kwantar da ita, ranar aka fara ba ta ƙwayoyi huɗu da take sha har yau.

Ƙanwata ba ta karanta takardar da ke cikin kwalin magani. Tana buɗewa take jefarwa, wai an rubuta ta ne don masu tsoro. Na samu kwalayen wata mai zuwa a cikin durowa ba a buɗe ba, na ɗauko tabarau da gilashin da nake saka zare a allura da shi, na zauna a kan gadonta. Rubutun ƙanana kamar ƙafar tururuwa. Biyu daga cikin huɗun, wanda ke rage mata ruwan jiki da wanda ke rage kitsen jini, duk sun ambaci bushewar fata da ƙaiƙayi. Na kira ta na nuna mata da yatsa.

Ko sunkuyawa ba ta yi ba. "Takardun nan babu abin da ba sa lissafawa. Ciwon kai, gudawa, maƙarƙashiya, barci, rashin barci. Wannan mai rage ruwan jikin, da hannuna na ba mutum dubu nawa? Ban taɓa ganin wanda ya yi susa ba."

"Marasa lafiyarki kwana nawa suke yi a hannunki?"

"Biyar. Bakwai in an daɗe."

"Sai su tafi gida."

"Sai su tafi gida mana."

"Wa ya bi su gida ya ga abin da suke yi a mako na biyar?"

Ta sa hannu za ta sosa wuya, ta ga ina kallo, ta sauke.

"To in daina sha ke nan?"

"Ki daina sha mu binne ki da fata mai sheƙi? Ba ni na rubuta miki ba, ba ni zan soke ba. Aron hannu ɗaya kawai nake so."

Na yi mata bayani. Hannun dama nata ne, ta ci gaba da dafa shi yadda ta saba. Na hagu nawa ne na kwana biyar. Shi ba ruwan zafi, sai mai ɗumi-ɗumi. Ba soso, ba sabulu, ba farin magani. In an fito ba a goge shi da tawul, a dangwala kawai, kuma tun da sauran danshi a lafta masa mai mai kauri marar ƙamshi, safe da rana da yamma. In ƙaiƙayi ya taso, a ɗora tsumma mai sanyi daga firij, a bar farce ya huta.

"In ƙwaro ne, mai ba zai hana shi cizo ba, hannuwan biyu za su tafi tare. In bushewa ce, za su rabu."

Na san ta. Roƙo ba ya kama ta, faɗa kuma abincinta ne, amma gwaji mai tsabta ba ta iya ƙin sa. Ta dubi hannun hagun kamar za ta ba da shi riƙo.

"Kwana biyar," in ji ta. "Kuma ki wanke hannu kafin ki taɓa ni."

Haka muka fara. Muna kulle ƙofar ɗakinta sau uku a rana, in shafa, in duba a hasken taga, in rubuta abin da na gani a bayan wata tsohuwar kalanda. Ba zan ɓoye ba, na ji daɗin abin. Rabona da in sa wani abu a gaba in jira ya nuna mini gaskiyarsa tun ina aiki.

A can falo kuwa Auta tana zaune da 'yarta. Takan ce, "Mama, riƙe mini ita in watsa ruwa," sai uwar ta ɗaga murya, "Yaya! Zo ana neman ki." Takan ce, "Mama, dubi yadda take dariya," uwar ta duba daga bakin ƙofa ta ce, "Allah ya raya." Ta ware kofinta da cokalinta. In ta taɓa mariƙin ƙofa sai ta dawo ta goge shi. Duk wannan don kada nata ya kai ga yarinyar ne, amma wanda yake kallo daga waje ba zai san ta wane gefe ake tsoron dauɗar ba.

Rana ta uku da fara gwajin, iska ta kaɗo bargon yarinyar daga igiya ya faɗo a kafaɗar ƙanwata. Ta shiga ciki, ta sa safar hannu ta roba, ta dawo ta ɗauke shi da yatsu biyu ta jefa a tukunyar ruwan zafi. Auta tana tsaye a taga.

Da rana ta same ni a kicin ina yanka albasa. Ta jingina da firij, yarinyar tana kafaɗarta.

"Inna, me na yi wa Mama?"

"Babu abin da kika yi."

"To me 'yata ta yi? Wari take yi? Safar hannu fa, Inna. Kamar bargon mai kuturta. Kullum kuna kulle a ɗaki kuna ƙus-ƙus, in na shigo ku yi shiru. In don ban zo jinyarta ba ne, ai ina kwance da ɗinki a cikina. Ta faɗa mini in ba ta haƙuri."

"Ba wannan ba ne. Ki ba ta kwana biyu."

"Kwana biyu na me?"

Na ci gaba da yanka albasa. A raina ina ganin kwana biyu ba komai ba ne, gwaji ya kusa nuna, za a yi dariya a wuce wurin. Ban tsaya na lissafa kwana biyu a wurin wanda yake da goma sha huɗu kacal, biyar sun riga sun tafi ba. Ta jira, ta ga ba zan ƙara ba, ta gyara wa 'yarta hula ta fita.

Washegari na buɗe hannun hagu a hasken taga, na ji daɗi. Farin ya kwanta, jan ya dushe, babu sabon sawun farce. Na ce ta kawo na dama. Ta kawo a hankali tana kallon silin. Shi ma farin ya kwanta. Shi ma babu sabon sawu.

Na zauna a bakin gado. In duka biyun sun yi sauƙi tare, to ban nuna komai ba. Wataƙila ma maganin ƙazwar da ta shafa ne ya fara aiki, ita ce mai gaskiya. Ina cikin wannan idona ya faɗa kan kwalbar man. Ranar da muka fara na buɗe ta sabuwa, hannu ɗaya ake shafawa, ga shi ta kusa rabi. Na kama hannun rigarta na dama na murza. Maiƙo.

"Sista."

"Na'am."

"Kin ɓata mini gwaji."

"Hannuna ne ko naki? Na hagu yana barcinsa, na dama yana ci da wuta, sai in zuba masa ido don ki cika kalanda?"

"Tun yaushe?"

"Tun kwana na biyu." Ta sauke hannun rigarta. "Har ƙafafun. Har inda hannuna ya kai a baya. Soson ma na rataye shi."

"Munafuka. Kina kallona ina rubutu."

"Kina jin daɗinki, na ce kada in katse ki."

Muka yi dariya har sai da ta riƙe ƙirji na ce ta bari. Da muka nutsu na ce, "To kin yarda ke nan. Tashi ki je ki ɗauki jikarki."

Fuskarta ta koma yadda take. "Na yarda mai yana da daɗi. Ban yarda babu ƙwaro ba. Mai ƙazwa ma in ya shafa mai zai ji sanyi. Sai an kankare fatar an duba a madubin asibiti, sannan a sani."

Gaskiyarta ce. Da ɗalibata ce ta kawo mini irin wannan gwaji ta ce ta gama, da na mayar mata da takardarta.

"To kin san inda madubin yake," na ce.

Kwana ɗaya ta ƙara tana zagaye maganar. Ranar da Auta ta cika kwana takwas, da sassafe, ta fito cikin rigarta mafi kyau, ta ce wa Auta za mu je a duba zuciya. Auta ta ce a dawo lafiya, ba ta ɗago daga wayarta ba.

Likitar fata mace ce mai jiki, da furfura 'yar kaɗan a goshi. Muna shiga ta miƙe tsaye. Kafin ta ce komai sai ta miƙo hannuwanta biyu, ta baje yatsun, ta juya su gaba da baya.

"Sista, a duba. Shekara goma sha tara ban sake tarawa ba."

Ƙanwata ta duba da gaske, ɗaya bayan ɗaya. "Sun yi," in ji ta. Sannan ta zauna, ta naɗe hannun riga, ta faɗi kalmar da bakinta, tana kallon bango.

Likitar ba ta yi dariya ba, ba ta kuma yi mamaki ba. Ta duba yatsu, ta duba ƙugu, ta sa aka ja labule ta duba sauran. Ta kankare wuri uku ta ɗora a gilashi, ta leƙa madubin ta daɗe, sannan ta ja kujera baya.

"Zo ki gani da idonki, Sista. Na san ba za ki yarda da nawa ba."

Ƙanwata ta cire tabarau ta leƙa. Ta murɗa, ta sake murɗawa. Ta sa aka canja gilashi.

"Ɓawon fata ne kawai," ta ce a hankali.

Likitar ta karɓi kwalayen maganin ta jujjuya. Ta ce su suka fara busar da fatar, ruwan zafi da soso suka kwashe ɗan man da ya rage, maganin ƙazwa kuma ya ƙone abin da ya saura. Ta ce kada a taɓa ƙwaya ko ɗaya, ita za ta yi magana da likitan zuciya su ga ko akwai wadda za a rage ko a canja, in kuma babu, da mai da ruwan ɗumi mutum zai zauna da abin lafiya. Ta rubuta wani man na wuraren da suka fi ja, na mako ɗaya.

Ƙanwata ta saurara har ƙarshe, sannan ta yi tambayar da ta kawo ta. "Jinjira 'yar wata uku fa?"

"Ɗauke ta, Sista. Ki goya ta ma in bayanki zai iya."

A mota sai gyara zama take yi kamar ita za ta ƙara wa motar gudu. Muka iso gida da azahar. Akwatunan Auta biyu suna tsaye a falo, a zuge, jakar kayan yarinya a kansu. Yarinyar tana kwance a kan shimfiɗa a ƙasa tana harba ƙafa. Auta tana naɗe wayar caja.

"Na canja tikiti," ta ce, ba ta dubi kowa ba. "Ƙarfe biyar mai mota zai zo. Na ga kamar mun takura ku."

Ƙanwata ta tsaya a tsakiyar falon da jakarta a hannu. Na yi niyyar in yi magana, na tuna ba tawa ba ce. Ta ajiye jakar. Ta naɗe hannun riga na hagu, ta naɗe na dama, ta miƙa su gaba.

"Na ɗauka ƙazwa ce da ni," ta ce. "Wata biyu. Na ji tsoron in shafa mata, na ji kunyar in gaya miki. Yanzu daga wurin likita muke, ta ce maganin zuciya ne ya busar da ni. Babu komai. Tun farko babu komai."

Auta ta dubi hannuwan ta daɗe.

"Ƙazwa," ta ce. "Kwana takwas, Mama. Ina kwanciya ina lissafa laifuffukana tun na makarantar firamare. Da kin ce mini ƙazwa, da na ce sannu, mu je asibiti. Shi ke nan fa." Ta juyo kaina. "Ke ma Inna kin sani."

"Na sani."

"Kika ce in ba ta kwana biyu."

"Haka na ce. Ban kyauta ba."

"Tikitin ba ya canjuwa sau biyu. Baban yarinyar ma ya riga ya ɗauki hutu zai tare mu." Ta goge ido da bayan hannu, ta koma kan cajarta. "Ga ta can. Ni ba zan sake miƙo miki ita ba. Na miƙa har na gaji."

Ƙanwata ta taka zuwa shimfiɗar. Ta durƙusa da ƙyar, gwiwa ɗaya sannan ɗayar, ta sa hannu ƙarƙashin kai da ƙugu yadda ta koya wa ɗaruruwan mata, ta ɗago ta. Yarinyar ta dubi wannan fuska da ba ta taɓa gani kusa ba, ta taɓe baki, ta callara kuka.

Ƙafata ta motsa da kanta, domin kwana takwas ni nake rarrashi. Na tsayar da ita, na wuce kicin na ɗora ruwan da ba na bukata. Daga can ina jin kukan, ina jin takun ƙanwata daga taga zuwa ƙofa, daga ƙofa zuwa taga, tana wani gunaguni da ba waƙa ba ne ba kuma magana ba. Ruwan ya tafasa, na sauke, na sake ɗora wani. Kafin shi ya tafasa falon ya yi tsit.

Na leƙo. Tana zaune a kujerarta, yarinyar ta yi barci a ƙirjinta, hannu ɗaya ya damƙe wuyan rigar nan mafi kyau. Na kawo abinci ta ce ba ta ci. Na kawo ƙwayar rana da ruwa, ta buɗe baki na saka mata kamar ɗan tsuntsu. Da yarinyar ta farka neman nono, Auta ta karɓa ta shayar, ta tsaya jim da ita a hannu, sannan ta mayar da ita inda ta ɗauko.

Wajen ƙarfe huɗu da rabi na ga ƙanwata ta fara mutsu-mutsu. Tana goga ƙafa ɗaya da ɗaya, tana cije leɓe, hannuwanta biyu kuma a cike.

"Yaya," ta ce ƙasa-ƙasa, "ƙwaurina. Lokacin mai ya wuce."

Na ɗauko kwalbar da ɗan tawul mai danshi. Ina zuwa Auta ta miƙo hannu ta karɓe su. Ta zauna a ƙasa gaban kujerar, ta ɗaga zanin uwarta zuwa gwiwa, ta tsaya tana kallo.

"Mama, haka kika yi wa kanki?"

"Ai yanzu ya yi kyau. Da kin gan shi makon jiya."

"Mutum ya dafa kansa kamar kaza." Ta dangwala tawul ɗin, ta lakato man da yatsu biyu. "Haka ake yi, Inna?"

"Ƙara. Kada ki ji tausayin kwalbar. Ki bi kwancin gashi, ba gogawa."

Ta fara daga idon sawu tana hawa a hankali. Ƙanwata ta jingina kai da kujera ta lumshe ido, haɓarta a kan gashin yarinyar. Auta ta gama ƙafar hagu, ta jawo ta dama ta ɗora a cinyarta, sai ga hon a ƙofar gida.

Babu wanda ya motsa. Aka sake dannawa.

"Inna," in ji Auta, ba ta ɗago ba, "don Allah ce masa ya fara saka akwatunan. Saura ƙafa ɗaya."